Takarda Daga Ganye: Sana'ar Da Muka Koya Wurin Rina



A wannan babi zan yi mana bayani ne a kan yadda ake yin takarda da hannu, daga ganyayyaki da sauran abubuwan da gona take bari bayan girbi. Na san wata za ta ce, "Takarda kuma? Ai wannan aikin kamfani ne." Ni ma haka na ɗauka kafin in sa hannuna a ciki. Amma duk wadda ta iya tace ruwan toka, ta iya daka, ta iya tankaɗe, to ta riga ta san rabin aikin. Saura kawai ta ga yadda ake haɗa su.

Abu biyu nake so mu fita da su daga wannan darasi. Na farko, yadda ake yin takardar tun daga ganye har ta bushe. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, yadda ƙungiya za ta gane ko sana'ar ta cancanci a taɓa kuɗin asusu dominta. Kuɗin nan guminmu ne, kowace ta san yadda ta yi ta tara zubinta, don haka ba za a zuba shi a abin da ba a gwada ba.

MALAMARMU RINA

Ku duba ƙarƙashin rumfa ko bakin rumbu, za ku ga gidan rina yana reto. Ba irin na zanzaro ba ne da ake ginawa da laka. Idan kuka sami wanda rinar ta ƙaurace masa kuka murza shi a hannu, za ku ji shi shafal, launin toka, yana yagewa kamar tsohuwar jarida. Takarda ce sosai. Rina takan sauka a kan busasshen itace ko kara, ta kankare shi da bakinta, ta tauna da yawunta har ya zama kamar ƙullu, sannan ta shafa shi siriri-siriri ta bari ya bushe.

Mutanen ƙasar Sin ne suka fara yin takarda. Tarihi ya nuna a shekara ta 105 Miladiyya wani ma'aikacin fadar sarkinsu mai suna Tsai Lun ya gabatar da takardar da aka yi da ɓawon itace, da tsummoki, da tsohuwar komar kamun kifi. Turawa kuwa sun daɗe suna yin tasu da tsummoki kawai. A shekarar 1719 wani masani ɗan ƙasar Faransa mai suna Reyomur ya lura da aikin rina, ya ce tunda wannan ƙwaro yana yin takarda da itace, ɗan'adam ma zai iya. Sai da aka yi fiye da shekara 100 kafin masana'antu su kama wannan hanya. Yau yawancin takardar da yaranmu suke rubutu a kai daga itatuwa take.

Mu kam ba itace za mu sare ba. Darasi uku za mu ɗauka daga rina. Tana aiki da abin da ya riga ya bushe, ba ta kashe ɗanyen itace. Tana ɗaukar abin da yake kusa da ita, daidai buƙatarta. Kuma idan ta gama da gidan, yakan faɗo ya ruɓe ya koma ƙasa, ba ya barin wata ɓarna a baya. Ku kwatanta wannan da leda. Dukanmu mun ga yadda take toshe magudanar ruwa, mun gan ta a gona shekara da shekaru ba ta ruɓe ba, wasunmu kuma sun yi asarar akuya ko tunkiya, aka yanka aka tarar da leda cunkus a tumbinta.

ME YAKE CIKIN GANYE?

Kowane ganye yana da zare a cikinsa, wasu siraran zaruruwa da suke ba shi ƙarfi. Akwai kuma wani abu kamar danƙo da yake manne zaren wuri ɗaya. Aikin mai yin takarda shi ne ta narkar da danƙon, ta raba zaren, ta warwatsa shi cikin ruwa, sannan ta kwashe shi da raga. Idan ruwan ya tsiyaye, zaren yakan kwanta a kan juna ya sarƙe. Idan ya bushe sai ya riƙe kansa da kansa, ba tare da an sa gam ba. Ruwan toka ne yake narkar da danƙon, kamar yadda kanwa take sa wake ya yi saurin nuna. Daka kuwa ita take buɗe jikin zaren ya yi gashi-gashi, don ya sami abin kama ɗan'uwansa.

WANE GANYE NE YAKE YI?

A nan ne na yi kuskurena na farko. Da na fara gwaji da wata ƙungiya, muka share tsakar gida muka tara ganyen mangwaro da na darbejiya buhu guda, muna murna mun sami kaya kyauta. Muka wuni muna dafawa. Da muka tace, abin da ya rage ɗan dagwalo ne baƙi, da aka shanya shi sai ya farfashe kamar busasshen ƙanzo. Wata dattijuwa a cikinmu, da duk muke kira Inna, ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ganyen da ba ya yin igiya ta yaya zai yi takarda?" Maganarta ita ce ma'aunin da nake amfani da shi har yau.

Ku ɗauki ganyen ku yaga shi. Idan ya tsage a tsaye yana fitar da zare, a kwance kuma ya ƙi yankewa da sauƙi, to zai yi. Idan ya marmashe a hannu, ku bar shi ya zama taki. Yawanci dogayen ganyayyaki masu jijiya a miƙe su ne masu kyau. Ga waɗanda za ku iya samu:

Ɓawon masara, wato ganyen da yake lulluɓe da goyon masara. Shi ya fi sauƙin dahuwa, da shi nake ba da shawarar a fara.

Ganyen ayaba, musamman jijiyar tsakiyarsa, da gindin ayabar da aka riga aka yanke 'ya'yanta. Gindin ba ya sake haihuwa, sare shi ake yi dama. Takardarsa tana da ƙarfi ƙwarai.

Ganyen rake da tukarsa, da karan shinkafa bayan an casa.

Ragowar kaba da masu saƙar tabarma da faifai suke zubarwa. Tana da tauri, tana son dogon dahuwa.

Ɓawon karan rama. Zarensa dogo ne, ko kaɗan aka haɗa da wani yakan ƙara masa ƙarfi.

Ciyawar kacalla. Mutanen fadamun Haɗeja da Nguru sun san irin yadda ta toshe musu hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. A irin wannan wuri, yanke ta ma taimako ne.

Ana iya haɗawa da tsofaffin takardu, kamar littattafan rubutun da yara suka gama da su, a jiƙa su a kirɓa. Suna sa takarda ta yi laushi da haske. Sai dai a kula sosai, kada a sa takardar da take ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah. A zaɓi mace ɗaya da ta iya karatu ta riƙa dubawa kafin a jiƙa.

Su ganyen mangwaro, da furen zoɓo, da sauran masu laushi, suna da nasu amfanin: ado. A busar da su a cikin littafi su miƙe, a ɗora a kan takarda tana jiƙe.

KADA MU ƘWACE ABINCIN DABBA DA NA ƘASA

Wannan magana ina so mu riƙe ta da kyau. Ba duk abin da ya rage a gona ne shara ba. Harawar wake da ta gyaɗa abincin dabbobinmu ne a lokacin rani, kuma kuɗi ne a kasuwa. Karan dawa da na gero muna danni da su, muna girki, dabbobi suna cin ganyensu. Ɓawon masara da karan shinkafa ma shanu suna ci. Abin da aka bari a gona kuma yana rufe ƙasa, ya hana iska kwashe ta, gara ta ci ta mayar da shi taki.

Saboda haka kafin ku ɗebi komai, ku tambayi kanku: dabba tana buƙatarsa? Ƙasa tana buƙatarsa? Akwai mai saye a yadda yake? Idan amsar duka ukun a'a ce, musamman idan abin da aka saba banka wa wuta ne, to shi ne kayan takarda. Idan muka bar awaki da yunwa don mu yi ambulan, mun yi gyaran gangar auzinawa. Kuma ko shara ce, idan a gonar wani take, a nemi izininsa tukuna.

KAYAN AIKI

Yawancinsu muna da su a gida: wuƙa ko almakashi, bokiti biyu, tsohon turmi da taɓarya, gwagwa ko tsohon kwando, babbar roba mai faɗi, tsofaffin zannuwan auduga da aka yanka gutsi-gutsi, soso, katako biyu masu faɗi, da dutse ko bulo mai nauyi.

Tukunya kuwa, kada ku yi amfani da ta alminiyom, irin wadda muke girkin biki da ita. Ruwan toka mai ƙarfi yana cin alminiyom. Wannan shi ne kuskurena na biyu, domin tukunyar da muka aro ta dawo baƙi ƙirin, cikinta duk ya yi tabo, sai da muka nemi afuwar mai ita muka biya. Ku nemi rabin duro na ƙarfe wanda ba a taɓa zuba maganin ƙwari a ciki ba, ko tukunyar ƙasa babba. A ware ta don wannan aiki kaɗai.

Abu ɗaya ne sai kafinta ya yi muku: firam biyu na katako masu girma ɗaya, kamar na hoto. Ɗaya a ja masa ragar taga mai ƙananan ido, a buga ta ta yi tauri kamar fatar ganga. Ɗayan a bar shi haka nan ba raga, shi ne zai zauna a sama ya tsayar da gefen takarda. Ku fara da ƙarami, kamar rabin takardar ofis. Idan hannu ya faɗa sai a yi mai girman takardar ofis ɗin, santimita 21 a faɗi, kusan 30 a tsawo. Don Allah kada wata ta yanka gidan sauron da yara suke kwana a ciki ta ce za ta yi raga.

YADDA AKE YI

1. Haɗa ruwan toka. Ku tankaɗe tokar murhu, ku zuba ta kai rabin bokiti, ku cika da ruwa ku juya. Ta kwana. Da safe ku tsiyaye ruwan saman a hankali, ku tace da tsumma. Idan kuka ɗan taɓa kuka ji yana santsi kamar sabulu, ya yi ƙarfi. Ku wanke yatsa nan take.

2. Yanka da jiƙo. Ku cire ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, ku yayyanka sauran tsawon gaɓar yatsa biyu. Ku jiƙa a ruwa ya kwana. Mai tauri kamar kaba a bar shi kwana biyu ko uku.

3. Dahuwa. Ku zuba ganyen a tukunya, ruwan toka ya sha kansa. Idan ya tafasa ku rage wuta, ya riƙa dahuwa a hankali, ana juyawa da dogon muciya. Ɓawon masara yakan ɗauki kamar awa 2, masu tauri awa 3 ko fiye. Ku tsamo kaɗan, ku ɗauraye, ku ja da yatsu. Idan ya rabu ba gardama, ya nuna. Kada ku tsorata idan kuka ga ya ragu da rabi ko fiye, danƙon ne ya narke ya bi ruwa.

4. Ɗauraya. Ku juye a gwagwa da aka shimfiɗa wa tsumma, ku yi ta ɗauraya har ruwan ya daina fitowa baƙi, santsin ya tafi. Wadda ta yi ƙyuya a nan, takardarta za ta yi duhu, ta yi saurin karyewa.

5. Daka. Ku matse ruwan, ku zuba kaɗan-kaɗan a turmi, ku kirɓa kamar ana kirɓa sakwara, ana ɗan yayyafa ruwa. Ga yadda za ku gane ya yi: ku ɗebi kamar girman gyaɗa ku sa a kwalba mai ruwa ku girgiza. Idan ya watse kamar hazo, ƙullu ya yi. Idan kuna ganin gudaji da dogayen zare a dunƙule, a koma turmi. Nan ne ƙarfin aikin yake, shi ya sa ake yinsa da karɓa-karɓa.

6. Haɗa ruwan kwasa. Ku zuba ruwa a babbar roba ya wuce rabi, ku sa ƙullu kamar cikin hannu biyu ko uku, ku dama da hannu. Ya yi ruwa-ruwa, ya fi koko tsinkewa nesa ba kusa ba. Ga wata dabara: tun da daddare ku yanka ɗanyar kuɓewa biyar ko shida ku jiƙa a ruwan sanyi, da safe ku tace yauƙin ku zuba kaɗan a robar. Yauƙin yana hana zare dunƙulewa, yana sa ruwa ya tsiyaye a hankali, takarda ta fito bai ɗaya. Ba ya jure zafi kuma ba ya daɗewa, don haka a haɗa na rana ɗaya kawai.

7. Kwasa. Ku ɗora firam maras raga a kan mai raga, ragar tana sama, ku riƙe su tare da hannu biyu. Ku motsa ruwan. Ku tsoma firam ɗin daga can nesa da ku a karkace, ku jawo shi wajenku yana miƙewa a ƙarƙashin ruwa, sannan ku ɗago shi a kwance sau ɗaya, ba tsayawa. Tun ruwan bai gama zuba ba, ku ɗan girgiza gaba da baya, hagu da dama, kamar mai tankaɗe a hankali. Wannan girgizar ce take sarƙe zaren. Idan bai yi kyau ba, ku kifa shi a kan ruwan ya koma, ba asarar komai.

8. Kifawa. Ku cire firam na sama. Ku shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a kan katako, ku kifa ragar a kai, ku danna bayanta da soso kuna tsane ruwa. Ku ɗaga daga gefe ɗaya a hankali, takardar za ta zauna a kan tsumma. Ku rufe ta da wani tsumman, ku kifa ta gaba a kai. Bayan kowace biyu ko uku ku ƙara ƙullu a roba, in ba haka ba takardun za su yi ta sirancewa.

9. Matsa. Idan sun kai goma ko fiye, ku ɗora ɗayan katakon a sama, mace ɗaya ta hau ta tsaya, sannan a ɗora dutse a bari kamar awa 1.

10. Shanya. Ku ɗauki kowace tare da tsummanta ku shanya a inuwa, inda iska take ratsawa. Rana mai zafi tana sa ta lanƙwashe, iskar hunturu kuma tana watsa mata ƙura, don haka cikin ɗaki ko rumfa mai danni ya fi. Idan ta bushe ku ɓare ta daga tsumman a hankali, ku jera su ku danne da nauyi su kwana.

11. Gyaran ƙarshe. Takardar da za a yi rubutu a kai tana buƙatar sitati, in ba haka ba tawada za ta nashe. Ku dama sitatin rogo tsararo sosai, ku shafa da soso mai laushi, ku sake shanyawa. Sannan ku ɗora ta a kan katako mai santsi ku goge da gindin kwalba har ta yi sheƙi.

Ga masu son launi, ɓawon albasa yana ba da ruwan ƙasa mai haske, gangamau yana ba da ɗorawa, karan dafi yana ba da ja, lalle kuma ja-ja mai duhu. A dafa a tace, a jiƙa ƙullun a ciki bayan an ɗauraye shi tas, domin ragowar toka tana juya launi. Ku sani launin gangamau da na zoɓo suna koɗewa a rana, ku gaya wa mai saye gaskiya.

IDAN AN SAMI MATSALA

Takarda tana yagewa da an taɓa: ba ta daku ba, ko zaren gajere ne. A ƙara daka, a haɗa da ɓawon rama ko ayaba.

Gefe ɗaya ya fi kauri: an ɗago firam a karkace.

Ta manne a raga ta ƙi sauka: tsumman ya bushe, ko ba a tsane ruwa da soso sosai ba.

Ta yi fumfuna: an bar ta a jere tana jiƙe ta kwana biyu. A shanya a ranar da aka matse.

Ƙwari suna ci: kyankyaso da gara suna son sitati. A ajiye a akwatin ƙarfe, sama da ƙasa.

LAFIYARMU DA MUHALLINMU

Ruwan toka mai zafi yana ƙona fata, yana da haɗari ga ido. A dafa a waje, yara su yi nesa, mai goyo kada ta tsaya a kan tukunya. Mai ɗauraya ta sa safar hannu ta roba. Idan ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta na tsawon minti 15 ko fiye, sannan a tafi asibiti. Sodar da ake yin sabulu da ita tana dafa ganye da sauri, amma ban ba ku shawarar amfani da ita ba, ƙunarta mai tsanani ce.

Kanwa ma tana yi, sai dai kuɗi ake saye, kuma ruwanta yana da gishirin da yake ɓata ƙasar noma. Toka ta fi. Baƙin ruwan da ya rage bayan dahuwa kada a zubar kusa da rijiya, ko rafi, ko inda dabbobi suke sha. A haƙa masa rami daban. Ruwan ɗauraya na ƙarshe-ƙarshe a ajiye shi a jiƙa ganyen gobe.

Makamashi kuma a yi da totuwar masara da ƙirare da guntayen kara. Idan muka sayi itace muka ƙona don mu yi takardar da muke cewa tana ceton itatuwa, ai mun yaudari kanmu. Tokar wutar yau ita ce ruwan tokar dahuwa ta gaba, abin da ya rage a bokiti bayan an tsiyaye kuma a kai shi juji ya shiga taki. Haka rina take yi, babu abin da yake zubewa a banza.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne daga kaka zuwa tsakiyar hunturu: ganye yana nan, ruwa bai yi wuya ba, aikin gona ya yi sauƙi. Garin da ake sayen ruwa da tsada a bazara, a dakata har a sami sauƙi.

WA ZAI SAYA?

Zan faɗa muku gaskiya. Takardarmu ba za ta yi gasa da ta kamfani a farashi ba. Babu wanda zai sayi takardar hannu don yaro ya yi aikin gida. Mai sayenta yana sayen kyanta ne da bambancinta. Saboda haka riba tana cikin abin da aka yi da takardar: katin gayyatar biki da na suna, ambulan na gudummawa, bangon ƙaramin littafi, kwalin sabulu da na turaren wuta, 'yar jakar saka sarƙa da ɗan kunne. Idan a ƙungiyarku ko maƙwabciyarta akwai masu yin sabulu ko turare, su ne kasuwarku ta farko. Takardun da suka fito da kauri ko suka lalace kuma a naɗe su kamar kofi a rena tumatir ko zogale a ciki, a dasa da su gaba ɗaya, su ruɓe a ƙasa, a huta da baƙar leda.

Abu ɗaya ban yarda a yi ba: kada a naɗe abinci mai zafi ko mai maiƙo a ciki, kamar ƙosai ko tsire, musamman idan an haɗa da tsofaffin takardu masu tawada.

LISSAFI KAFIN BASHI

Tsarin asusun da muke bi ya samo asali ne daga ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a yankin Maraɗi ta ƙasar Nijar a shekarar 1991. Ginshiƙinsa shi ne mata su fara da abin da yake hannunsu, su kuma kare shi. Don haka ga tsarin da nake ba da shawara.

Zagaye na farko gwaji ne. Mata huɗu ko biyar masu sha'awa su haɗa kuɗin firam ɗaya daga aljihunsu, sauran kaya a kawo daga gida. Kada a taɓa akwati. A yi sau uku aƙalla, domin na farko da wuya ya yi kyau.

Zagaye na biyu neman kasuwa ne. A ɗauki samfur guda goma mafi kyau a nuna wa mai buga kati, da mai shagon kayan biki, da masu sabulu. Yabo ba ciniki ba ne. A tambaye su kai tsaye: nawa za ku biya, guda nawa kuke so, yaushe?

Zagaye na uku lissafi ne. A rubuta duk abin da aka kashe: ruwa, makamashi, sitati, kuɓewa, kuɗin mota, da ladan wunin kowace mace, gwargwadon abin da za ta samu da ta yi sana'arta ta kullum. Mu mata mun saba mantawa da kuɗin ƙarfinmu, a nan ne asara take ɓuya. Misali, a ce duka sun kama naira 6,000, aka sami takarda 80, guda 20 suka lalace. Saura 60 ke nan, kowace ta tsaya muku a naira 100. Idan mai saye ya ce 70 zai biya, to kuna faɗuwa da naira 30 a kowace ɗaya, ko da kuwa kun ga kuɗi a hannu. Waɗannan lambobi misali ne kawai, ku sa naku. Wadda ba ta iya rubutu ba a yi mata da tsakuwa a faifai, kowa ta gani da idonta.

Sai an sami mai saye na gaske, farashinsa kuma ya wuce abin da aka kashe, sannan za a kawo maganar rance gaban taro. Mai karɓa ta karɓa da sunanta, bisa dokar ƙungiya, daidai abin da za ta iya biya ko da cinikin ya yi jinkiri. Idan lissafi ya nuna babu riba a garinku, ba abin kunya ba ne. Ku yi ta don amfanin kanku, ku koya wa 'ya'yanku, kuɗinku kuma yana nan a akwati lafiya lau.

TAMBAYOYIN TATTAUNAWA A TARO NA GABA

1. Wane ganye ko ciyawa ake ƙonawa ko zubarwa a garinmu, wanda dabba ba ta ci?

2. A wane wata muke da ruwa da lokacin yin wannan aiki?

3. Su wa muka sani da suke sayen kati, ambulan ko kwali, kuma wa za ta je ta same su?

4. Su wa za su shiga gwajin farko, kuma a gidan wa za a yi?

Kowace ta zo taro na gaba da ganye iri ɗaya daga gidanta ko gonarta, mu yaga mu gani tare. Allah ya sa albarka a cikin nemanmu, amin.